Fitilu a Jikin Katako

Akwai wani ɗan aibi da ke kama mu maza idan muka ba hamsin baya, kuma ban cire kaina a ciki ba. In mutum ya iya sana'a ɗaya sosai, sai ya ɗauka sauran sana'o'in duniya duk ƙannenta ne, kayan aiki kawai aka canja musu. Wani dattijo da kowa ke kira Kafinta ya daɗe da kamuwa da wannan ciwo. A wurinsa tela kafintan yadi ne, likitan ƙashi kuwa kafinta ne da ya yi boko. Saboda haka ranar da ya sa aka jawo masa wata matacciyar akori-kura har cikin rumfar aikinsa, bai ga dalilin neman shawarar kowa ba.

Motar ba baƙuwarsa ba ce. Shekara ashirin ta yi tana kawo masa katako, har direbanta ya tsufa ya jingine ta a bayan wani kango, kaji suka mai da kujerarta wurin saka ƙwai. Ya karɓo ta ne wata shida bayan rasuwar mai ɗakinsa, lokacin da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya zama babu mai magana a cikinsa sai agogon bango. Rumfar a jikin gidan take, rufin kwano ce da ƙofar ƙarfe ta turawa. Aiki ya ja baya, don mutane sun koma sayen kujerun da ke zuwa a kwali. Wuri akwai shi, lokaci kuwa har ya yi masa yawa.

Shekara uku ya yi a kanta. Inji kaɗai ya yarda ya kai wa makanike, shi ma yana tsaye a kansa yana gyara masa riƙon sifana. Sauran duk da hannunsa ya yi. Ya kankare tsatsa, ya shafe casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da komai na mota ke zaune a kansu, da baƙin fenti har shafi huɗu. Ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa tsakanin kan motar da casis don kada ta riƙa ƙara. Bodin baya na ƙarfe da ya ruɓe ya cire shi, ya ƙera na katako, haɗin haƙori, babu kan ƙusa ko ɗaya a fili. Fitilun baya kuma ya fafe musu ramuka biyu a jikin katakon gindi, daidai girmansu, suka zauna lif kamar a nan aka haife su. Akwai wata kitsattsiyar igiyar ƙarfe, baƙa ƙirin da maiƙo, da ya tarar ta haɗa inji da casis. Ya ja ta, ya girgiza ta, ya ga ba ta riƙe komai ba. Ya kwance ta ya jefa a duron tarkace.

Bai taɓa fita da motar titi ba, don ba inda za shi. Lokaci-lokaci yakan tashe ta, ta yi nishi kafin ta kama, ya ce ai shekaru ne, shi ma haka yake tashi daga kujera.

Ranar Litinin da hantsi 'yarsa ta kira shi. Ita kaɗai gare shi, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Uwata.

"Baba, motar nan taka tana tashi kuwa, ko ado ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Uwata? In kin ji ƙarar injinta sai kin ɗauka jiya aka sauke ta daga jirgi."

"To madalla. Ran Asabar za mu tashi daga gidan nan, mun samu wani kusa da wurin aikin maigidana. Akwai kayan da nake so ka ɗaukar mini. Ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."

"Shi ke nan? Ai wannan ba aiki ba ne."

"Ka sha maganinka?"

"Na sha."

Bai sha ba. Ya ajiye wayar a kan benci ya tsaya yana kallonta. Tun rasuwar uwarta kiranta ba ya wuce tambaya uku: ka ci abinci, ka sha magani, yaya bayan. Shi ne wanda ake dubawa, kamar tukunyar da aka bari a wuta. Yau kuwa ta ce ka zo, ka ɗaukar mini. Ya lalubi rabon da wani ya ce masa haka, bai samo ba. Abin da ya sani shi ne, ran Asabar sai ya tsaya a ƙofar gidanta da wannan mota, da ƙafafunta ba da jan igiya ba.

Ranar Talata ya ce bari ya gwada komai don cika sharaɗi. Ya tura ƙofar rumfar ya rufe don ya samu duhu, ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi nishi sau uku, ta kama. Sai ya ji wari kamar ana ƙona roba. Ya buɗe gaba ya lalubo da hannu, wayar totur ta ƙone masa yatsa biyu. Ya tsotsi yatsun, ya koma ciki ya taka birki. Ƙananan fitilun gaba suka haska bangon da ke gabansa. Ya ɗaga ƙafa, suka mutu. Ya sake takawa, suka sake kamawa, har da 'yar fitilar agogon gudu. Ya ba da siginar hagu, sai duk wani ƙwan fitila da ke jikin motar ya shiga ƙyaftawa a raunane, hagu da dama, kamar masu jin barci a wurin wa'azi. Ya danna ham, ta yi kukan akuya mai mura.

Saura ya ga abin da ke faruwa a baya, kuma a nan ya gano abin da babu wanda ya taɓa gaya masa game da fitilar birki: aikin mutum biyu ce. Ɗaya ya taka, ɗaya ya tsaya a baya ya ce ta kama ko ba ta kama ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana lissafa mutanen layin. Mai shagon da ke kallon gidansa ba ya barin kanta. Maƙwabcin dama sabon zuwa ne, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Na hagu tun da suka yi sa-in-sa kan magudanar ruwa suke gaisawa kamar jakadu. Ya sauko, ya ɗauki tef ya auna daga bakin kujera zuwa birki, ya yanko katako daidai tsawon. Har ya goge masa gefe da sanfefa, don ko ba mai gani ba ya son aikin banza. Ya tokare birkin da shi, ya zagaya baya.

Ta hagu ta yi ɗan ja kamar garwashin da ya kwana. Ta dama ko alama.

Ya tunkari matsalar yadda ya san duniya: abin da ya ƙi aiki, wani wuri ne ya saki. Ya bi duk sukurorin fitilun ya ƙara ɗaure su har katako ya fara kuka. Ya canja ƙwayaye. Ya canja fis, duk da babu wanda ya ƙone. Ya bi kowace waya da yatsa daga gaba har baya, kowacce lafiya lau, a naɗe, a jere, a ɗaure da 'yan maƙalai da ya yi musu. Talata ta wuce, Laraba ta bi ta. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu in ya kunna waifa, siginar dama na taya ta.

Ba jami'an hanya ne suka fi damunsa ba. Surukinsa ne, mijin Uwata, mutum mai ladabin da ke sa ka rasa inda za ka kama shi. A ofis yake aiki. Sau ɗaya ya taɓa zagaya motar, hannuwansa a baya, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," da irin muryar da ake yi wa majinyacin da ya iya shanye rabin kofi. Kafinta ya hango kansa ya taka birki a ƙofar gidansu, fitilun gaba sun kama, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin murfi, surukin yana cewa babu komai, Baba, bari a kira wata motar.

Ranar Alhamis da safe ya haɗiye girman kansa, ya tafi layin gareji wurin Riwaya, mai gyaran wutar mota. Sa'o'in juna ne, shekara talatin da sanin juna, kuma bencin da Riwaya ke zaune a kai ma Kafinta ne ya ƙera shi. Ya same shi da tabarau ɗaure da jar waya, yana tsokacin cikin wani abu da sukundireba.

"A'a, yau masu zarto ne a garinmu? Bencinka bai karye ba, in shi ka zo dubawa."

"Ba zai karye ba, sai dai ya binne ka. Wata 'yar tambaya ce ta kawo ni. Wani ne yake da mota..."

"Wanin nan, ba shi ne ya shekara uku yana lallashin akori-kura kamar marainiya ba?"

Kafinta ya zauna a gefen bencin ya faɗi komai, har da yatsun. Riwaya bai ɗago ba sai da aka zo kan wayar totur. Nan ya ajiye sukundireba.

"Kada ka sake tashin ta. Ina zuwa bayan azahar."

Kafinta ya koma gida ya share rumfar. Ya fito da kujerar nan mai hannu da ba a zama a kanta, ya kakkaɓe ta. Ya wanke kofi biyu, ya dafa shayi cike da buta, ya tuna Riwaya mai son sukari ne ya aje gwangwanin a kusa. Har ya tanadi labarai biyu da zai ba shi, ɗaya na makaniken da ya yi injin, ɗaya na maƙwabcin hagu.

Riwaya ya iso a kan babur. Duk kayan aikin da ya zo da su ƙwan fitila ne guda mai wayoyi biyu, da wata doguwar waya mai kauri a naɗe a kafaɗa. Bai ko kalli kujerar ba. Ya zagaya bayan motar, ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya cire tabarau ya goge ido.

"Kafinta, zo. Wannan fitila a jikin me take?"

"Katako. Mai kyau kuwa, ba irin na kwali ba."

"Na ga wayar da ke kawo mata wuta. Ina ta komawa?"

"Komawa ina? Wuta ta zo, fitila ta ci, magana ta ƙare. Haka na same ta, ban rage waya ko ɗaya ba."

"Tokare birkin nan da sandar taka."

Ya tokare. Riwaya ya maƙala bakin doguwar wayar a ƙafar batir, ya jawo ɗaya bakin har baya, ya dangwala shi a jikin ƙarfen fitilar dama. Ta kama jawur, har ta haska duron tarkace. Ya ɗaga, ta mutu. Ya dangwala, ta kama. Ya yi haka sau biyar, fiye da yadda bayani ke buƙata.

"Wuta ba ci ake yi ta ƙare ba. Daga batir take fitowa, kuma dole ta koma batir, in ba haka ba ba za ta taso ba ma. Masu ƙera mota ba su sa wayar komawa ba don motar kanta ita ce wayar. Duk ƙarfen nan da kake gani. Da fitilar a jikin bodin ƙarfe take, bodi a kan casis, casis a haɗe da batir. Kai kuma ka zo ka cire ta ka dasa a jikin bishiya."

"To me ya kai ta fitilun gaba?"

"Neman hanya. Ka toshe mata ƙofa, ta bi ta ɗakin maƙwabta." Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya leƙa ƙarƙashin kan motar. "Wannan kuma taya ce? Ka yi wa mota katifa?" Ya matsa gaba, ya sa kai cikin inji. "Akwai wata kitsattsiyar igiya a nan. Ina take?"

Kafinta ya yi kamar yana tunani. Sannan ya je duro, ya tona, ya zaro ta daga ƙarƙashin gwangwanayen fenti. Riwaya ya karɓa ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Me ta yi maka?"

"Ba ta riƙe komai ba."

"Duk wutar da ke juya injin nan in ka murɗa makulli, ta nan take komawa. Da ka cire ta, sai ta ga babu ƙarfen da ya rage tsakanin inji da jiki sai 'yar wayar totur. Shekara nawa kana soya ta? Allah ya so ka ba ka da wurin zuwa, da tuni ka ƙone da kai da bishiyar."

Ya ɗauki alli daga kan benci, ya bi motar yana zana da'ira a kan baƙin fentin. Biyu a gaba, biyu a ƙarƙashin kai, ɗaya inda wayar batir ta kama casis, biyu a baya.

"Duk inda na zana, ka kankare har sai ka ga farin ƙarfe yana ƙyalli. Ka ɗaura waya, ka ɗaure tamau, ka shafa giris a kai. Fenti ma ba ya ba wuta hanya."

"Shafi huɗu ne fa."

"To bar shi. Ran Asabar ka kira 'yar taka ta zo ta kalli fenti."

Ya naɗe wayarsa ya rataya. A kan hanyar fita ya tsaya, ya shafa gefen bodin da tafin hannu, ya bi haɗin da babban yatsa yana neman inda katako ya sadu da katako, bai samu ba.

"Ka iya abinka, ba ƙarya. Na mutane ne ba ka iya ba."

"Ga shayi na dafa."

"Na bar wata bas a buɗe, mai ita yana tsaye a kaina. Wani jiƙon."

Kafinta ya duba agogo bayan ƙarar babur ta ɓace. Minti goma sha takwas. Ya zauna a kujerar mai hannu ya shanye butar shi kaɗai, don ba a zubar da shayi, abin da ya sa ya yi rabin yammacin yana zirga-zirga tsakanin rumfa da bayan gida.

Da'irar farko ta fi wuya. Ya ɗora bakin cizal a kan fentin ya ɗaga, ya sake ɗorawa ya ɗaga. Ya tuna ranar da ya yi shafi na huɗu, yadda ya hana ko ƙuda sauka. Daga ƙarshe ya kau da kai ya kankara, kamar mai cire wa kansa ƙaya. Baƙin ya tashi, ja na ƙasa ya tashi, farin ƙarfe ya fito girman kwabo. Ta biyu ba ta yi masa ciwo kamar ta farko ba. Kafin ta huɗu har ya fara gyara gefen da'irar don ta fita zagaye sosai.

Ranar Juma'a ya wanke kitsattsiyar igiyar da kananzir, sai ga ta jan ƙarfe ce mai kyau, ya mai da ita inda ya same ta ba tare da ya kalle ta sosai ba. Ya haɗa kan motar da casis da gajerun wayoyi masu kauri, suka tsallake katifar tayar. Wayoyin fitilun baya ne suka ci masa lokaci, ba don wuya ba. Ransa ne ya ƙi yarda waya ta yi lilo a ƙarƙashin bodinsa. Ya kwanta rigingine a kan kwali, ya fafe siririn kwari a cikin katakon daga kowace fitila har bakin casis, ya kwantar da wayar a ciki, ya rufe da siririn katako. Wurin da babu mai gani sai wanda mota ta taka.

Yana ɗaure noti na ƙarshe bayansa ya riƙe. Ya san irin riƙon: in ya motsa, kamar an soka masa ƙusa. Ya saki sifana ya kwanta shiru. Casis na bisa hancinsa da tazarar taƙi ɗaya, yana ganin fuskarsa a cikin fentin, a miƙe kamar ta doki. Wayarsa tana can kan benci. A waje mai gyaran takalma ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa, wata mata tana ciniki da mai shago, wani ya tashi babur ya tafi. Ya lissafa: in bai tashi ba, wanda zai fara nemansa Uwata ce, gobe, in ta ga rana ta yi bai zo ba. Wannan ma ci gaba ne, ya ce a ransa, makon jiya da sai an ji wari. Ya yi dariya, ciwon bayan ya hukunta shi. Sai da ya yi kusan rabin awa kafin ƙusar ta saki, ya jawo jiki da gwiwar hannu ya fito, garin fenti har cikin kunne.

Da la'asar ya tura ƙofa ya rufe. Ya murɗa makulli, bai gama murɗawa ba ta kama. Ya taɓa wayar totur da bayan yatsa a tsorace, sanyi ƙalau. Siginar hagu ta yi hagu, ta dama ta yi dama. Ya danna ham, kwanon rufi ya amsa, shi kansa sai da ya zabura. Ya tokare birki ya zagaya. Biyun sun kama, ja iri ɗaya, sun rina bango da zarto da duk abin da ke rataye. Ya tsaya a cikin jan hasken, hannu a ƙugu. Akwai maganar da ta dace a yi a irin wannan lokaci, ya juya hagu da dama, sannan ya ce, "To."

Ya kira Riwaya.

"Ta kama."

"Da me kake so ta yi? Ka shafa giris?"

"Na shafa."

"Madalla. Ina da mutane." Ya kashe.

Ranar Asabar ya sa rigar da ba ta san garin katako ba. Ya ɗora igiya biyu da tsofaffin barguna uku a baya saboda kayan gilashi, ya fito da motar titi karon farko. Mai shago ya leƙo daga bayan kanta. Maƙwabcin hagu ya ga abin, ya yi kamar magudanar ruwa yake dubawa. Kafinta ya ratsa gari a hankali, yana ba da sigina a kowace kwana tun daga nesa, har a lungun da akuya kaɗai ke kallonsa.

A ƙofar gidan Uwata ya tarar da wata babbar mota mai rufaffen baya, irin ta masu kwasar kaya, ƙarti huɗu suna tura katifa ta ƙarshe ciki. Ya tsaya a bayanta. Akori-kurar ta zama kamar 'yar da aka zo da ita rakiya.

Surukin ya taho da sauri ya rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Ashe dai ta tashi."

"Da ma tana tashi."

Uwata ta fito da tsintsiya a hannu, ta gaishe shi, ta zagaya motar tana shafa katakon. "Baba, wannan ai ta fi ƙarfin kaya, sai dai a ɗauki amarya. Ka karya kuwa? Zo ka gani."

Ya bi ta. Ɗakunan duk an kwashe, muryarsu na dawo musu daga bango. A ɗaki na ƙarshe abu ɗaya ne ya rage, tsaye a kusurwa: sif mai ƙofa uku, wanda ya ƙera mata shekara bakwai da suka wuce, lokacin da suka kama gidan. Katako mai kauri ne, haɗin haƙori da gam, babu sukuru ko ɗaya, don a lokacin ya ce kayan da ake kwancewa ba kaya ba ne.

"Sabon wurin hawa na uku ne, Baba, matakalar kuma ƙunci gare ta. Mun auna sau biyu, ba zai hau ba. Kuma can an gina nasu a jikin bango. Shi ya ce a ba wani, na ce ina, abin da Babana ya yi da hannunsa? A wurinka zai fi samun kulawa."

Kafinta ya buɗe ƙofar tsakiya ya rufe. Ta shige ba ƙara, iska ta fito ta gefe.

"Gidana za a kai shi ke nan."

"Ai shi ya sa na ce ka zo da mota."

"Haka ne. Dabara ce." Ya sake buɗe ƙofar ya rufe. "Babu wani abin da zan miƙa muku can? Akwai wuri a gefe. Na zo da barguna."

"Komai ya shiga, Baba. Kada ka wahalar da bayanka. In mun kintsa za mu zo mu ɗauke ka ka ga wurin."

Ƙartin huɗu suka kama sif ɗin, biyu gaba biyu baya. Kafin su kai ƙofa sun ajiye sau biyu. Babbansu ya share gumi ya ce, "Wanda ya ƙera wannan abu ba ya tausayin bayin Allah."

"Na san shi," in ji Kafinta. "Ba ya jin shawara."

Suka kwantar da shi a kan barguna, ya cika bodin daga kai har gindi kamar an auna. Kafinta ya ɗaure da kansa, ya ƙi yarda kowa ya taɓa igiyar. Da zai juya, surukin ya tsaya a baya yana yi masa hannu, taho, taho, tsaya. Sannan ya leƙo ta taga.

"Baba, har fitilun birki suna kamawa. Duka biyun."

"Ƙaramin aiki ne. Hanyar komawa ce kawai, mutane ba su sani ba."

Surukin ya gyaɗa kai da ladabi. Uwata ta ce ya sha magani in ya isa. Babbar motar ta yi gaba, su biyun suka bi ta a tasu, shi kuma ya ba da sigina ya yi kwana.

Ya isa gida kafin azahar, ya shigar da ita rumfa da baya ba tare da ya goga ko'ina ba, ya kashe inji. Motar lafiyarta ƙalau har yau, murɗa ɗaya take tashi, kowace fitila ta san aikinta. Sif ɗin kuwa sai mutum huɗu ke iya sauke shi. Wata biyu ke nan yana kwance a bayanta.